Shekarar da na daina wanke kati

Nasiru, saboda kai na rubuta wannan babin, amma ƙannenka su ma su karanta. Ranar da ka dawo hutu daga jami'a ka tarar da ni a shago ina jiran tsohon ordinatar ɗina, kwamfutar nan, ya tashi, ka ce in ba ka shi na yini ɗaya ka share abin da ke ciki ka sa mini sabon Windos, sai na daka maka tsawa gaban mutane. Ka fita, ranar ko tuwo ba ka ci ba. Uwarku ta ce in ba ka haƙuri. Ni ban iya ba da haƙuri da baki ba, kun sani, ba a koya mini ba. To ga shi a rubuce. Na kuma san abin da ake gaya muku a dangi, wai ubanku ya kashe shagonsa da hannunsa a shekarar fari saboda taurin kai, wai wani tsohon mushe, wato malamin boko, shi ya juya masa tunani. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin ba su san shi ba, don ban taɓa gaya wa kowa ba sai uwarku.

In fara da mushen. Sunansa Mushe Kalla, shi ya koyar da mu lissafi a kolej, kuma a hannunsa karatuna ya ƙare. A aji uku ya ɗaga takardata gaban yara ya ce, Habu, kai kanka na gona ne, ka koma Garagumsa tun ƙafarka ba ta manta hanya ba. Ƙarshen shekara aka kore ni. Ban koma gona ba, na zauna Damagaram don in nuna masa, na yi dako, na yi kabu-kabu da babur ɗin wani, har na tara abin da na kama wani ɗan shago a unguwar Zango na sayi injin nan, ordinatar na hannu. Allah da ikonsa, da Mushe Kalla ya yi ritaya sai ga gidansa a bayan layin shagona. Kullum da safe ya wuce ta gabana da ƴar jakarsa, ya yi sallama, ni kuwa in amsa ciki-ciki idona a kan ekaran, gilashin injin. Shekaru muna haka.

Aikina turi ne. Mutum ya kawo ɗan katin da ake sa wa waya ko rediyo, in zuba masa waƙoƙi, ko wa'azi, ko karatu, ya biya ya tafi. Ina kuma buɗe wayoyin da aka kawo daga waje a kulle, ina haɗa hotunan biki da na suna, in ɗauki amarya daga tsakar gidansu in ajiye ta gaban wani bene mai furanni da ba ta taɓa gani ba. Duk wannan da Windos nake yi. Ku kun fi ni sanin waɗannan abubuwa, amma saboda wanda za a karanta wa, in ce shi inji ƙarfe ne da roba kawai, akwai abin da ke zaune cikinsa yana tafiyar da shi, shi ke tarbarka in ka kunna, shi ke nuna maka inda kayanka suke. Windos ɗaya ne daga cikinsu, ni kuwa a lokacin ban san akwai wani ba. Nawa ma ba na asali ba ne, kwafi ne na saya a kasuwa, faifai da rubutun biro a kansa. Ban taɓa sabunta shi ba, ban sa masa maganin birus, cutar da ke kama inji, na kirki ba. Amma na so shi, ba zan yi ƙarya ba. Shi ya mai da ni mutum. Wanda aka kora daga lakwal, makarantar boko, yau ga ma'aikata da takalmi sau-ciki suna tsaye a bayana suna cewa Malam Habu ina ake latsawa. Komai nasa a fili yake, ka ga abu ka kai hannu. In ka maƙale, duk wanda ka tambaya a layin ya san amsa.

Akwai wani abu da ke yawan faruwa da katunan mutane. Ka sa kati a inji, sai ka ga duk abin da ke ciki ya ɓace, ba sauran komai sai wasu ƴan alamu masu kibiya, ka latsa su ba su buɗe komai. Mu masu turi na layin duka abu ɗaya muke cewa, kati ya kamu, sai wanki. Wanki shi ne ka share katin tas ya koma kamar sabo. Minti ɗaya ne. Daga nan ka cika shi da waƙoƙi, mai shi ya tafi yana godiya don ka ceto masa kati. Haka na tarar ana yi, haka na yi, ban taɓa tambayar kaina ina abubuwan suka tafi ba.

Sai ga shekarar fari. Damina ta ɗauke hatsi yana bununi, abin da aka girbe a ƙauyenmu bai kai watan sanyi ba. Maza suka watse, wasu kudu, wasu Agadas, wasu suka ƙetare hamada. Waɗanda suka yi nisa, inda waya ba ta shiga, sai suka koma wata dabara. Mutum ya ɗauki muryarsa a waya, ya gaida gida, ya faɗi abin da zai faɗa, ya zare katin ya naɗe a takarda ya ba mai dawowa. Mata suka riƙa zuwa shagona da irin waɗannan katuna ɗaure a bakin zane, don in juye musu a nasu katin na rediyo, ko in kunna su ji a nan. Da yawa suna buɗewa lafiya. Wasu kuwa, ina sawa sai alamun nan masu kibiya. In ce, Hajiya, ya kamu a hanya, zafin sahara ne. In wanke, in zuba wa'azi, wani lokaci ko kuɗi ba na karɓa, ina jin kaina mutumin kirki.

Ɗaya daga cikinsu ba ta fita raina ba. Daga Mirriya ta zo, doguwa, da goyo, ta shigo motar safe don wannan kawai. Da na ce mata katin ya mutu sai ta matso ta leƙa ekaran ɗin, kamar za ta gane wani abu.

"Malam, ka ƙara dubawa. An ce ya daɗe yana magana a ciki."

"Na duba. Ba komai."

"Ko kaɗan? Ko gaisuwar?"

"Baiwar Allah, aikina ne. In da akwai da na gani."

Na tambaye ta me take so in zuba mata, ta ce duk abin da na ga dama. Na wanke, na sa mata karatu. Ta ɗaure katin a bakin zanenta inda ta kwance shi, ta ce Allah ya saka, ta tafi.

Mu ma namu yana can. Yaya Issufu, wanda kuke kira Baba Babba, ya ƙetare tun farkon rani, yana aikin lambu a wani wuri mai nisa da gari, ba waya ba labari. Ya bar wa Inna, kakarku, saniyarsa guda a ƙauye, baƙa mai farin goshi. Lokacin da abu ya tsananta, Inna da matarsa da yaransa anza suke ci. Ku ba ku san anza ba, Allah kada ya nuna muku. Ƴaƴan wani itace ne na daji, sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya ragu a iya haɗiyewa. Ina aika musu abin da na samu, amma tiyar hatsi ta yi tsadar da ni kaina a birni da ƙyar nake kai gidana. Saniya kuwa kullum ƙara zubewa take. An cire karan rufin rumbu an ba ta, an ba ta har ciyawar danni. Duk mai hankali ya san a sayar da ita tun tana tsaye a sayi hatsi. Na je har ƙauye na gaya wa Inna haka. Kun san ba ta kama sunan ɗan farinta, sai dai ta ce wancan.

"Ta wancan ce," ta ce. "Amana ya bar mini."

"Inna, in ta mutu a turke amanar wa kika riƙe?"

"In ta mutu Allah ya kashe ta. In na sayar ni na sayar."

"To in ya aiko a ce a sayar fa?"

"A ce? Wa zai ce? Kowa ya iya cewa an ce. Sai na ji bakinsa da kunnena."

Na dawo Damagaram ina zage-zage a mota ni kaɗai. Bayan kwana goma sha wani abu, wani mutumin Takeita ya shigo shagona da ƙurar tafiya a gira, ya tambaya ko ni ne ƙanen Issufu. Ya zaro ƴar takarda daga cikin hularsa. Ya ce yana zaune Yaya ya ɗauki maganar, amma ya matsa gefe da ya ji an shiga zancen gida, bai san me aka ce ba. Na yi masa godiya, na saya masa shayi. Yana fita na yi abin da hannuna ya saba, na soka katin a inji don in juye. Na ga dosiye, ƴar jakar da ake tara abubuwa a ciki, ya bayyana, na gan shi da idona, ɗan rawaya. Kafin in kai kibiyar kansa ekaran ya yi wani ƙyaftawa, dosiyen ya koma alamar nan. Na latsa, ba komai. Na zare na sa a wayata, ta ce ba komai. Na mayar. Hannuna da kansa ya kai kan wurin wanki, don sau nawa ya bi wannan hanyar. A nan na tsaya. Wannan karon na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, katin da ransa ya shigo shagona.

Na zagaya layin duka. Kowa ya sa a injinsa ya ce, Habu, kai da kanka, wannan ai sai wanki. Wani mai gyaran rediyo ne, dattijo, ya ce in je wajen tsohon mushen nan na bayan layi, an ce injinsa wani iri ne, birus ba ya kama shi. Na ce Allah ya kiyaye. Na koma shago na zauna har azahar ina kallon katin a tafin hannuna, abu kamar farcen yatsa, ina tuna haƙarƙarin saniyar nan da idon yaran Yaya. Bayan salla na tashi na tafi.

Na same shi a zaure bisa tabarma, da wani tsohon inji na ɗauka a kan akwati, an ɗaure murfinsa da salatif. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"A'a. Garagumsa. Yau ka gane ƙofar?"

"Mushe, ina wuni."

"Lafiya lau. Shekara nawa kana amsa sallamata kamar mai ciwon haƙori. Zauna. Me ya ƙone?"

Na ba shi labari a taƙaice, ban dubi fuskarsa ba. Ya karɓi katin ya sa. Na leƙa ekaran ɗinsa don in ga abin da ake ta faɗa, sai na ji raini ya kama ni. Ba ado, ba komai, launin ƙasa-ƙasa kamar bangon da ba a yi wa shafe ba, maɓallan ma ba inda na san su suke ba. Ya ce sunansa Linuks, kyauta ake ba da shi, wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa faifan. Na ce a raina, ai dole ya zama kyauta. Sai ya buɗe katin. Ga alamun nan masu kibiya, ga wasu tarkace da ban san su ba, ga kuma dosiyen nan a gefensu zaune lafiya lau. Ya latsa. Muryar Yaya ta cika zauren, yana sallama, iska tana bugun wayar.

Mushe ya tsayar da ita nan take, ya ce maganar gidanku ce, ka ji ta kai kaɗai. Ni kuwa na matso kusa da ekaran ɗin.

"Mushe, dama yana ciki?"

"Ina zai je? Birus ɗin ba ya cinye komai. Ɓoyewa yake, ya rufa wa dosiye zane ya ajiye nasa a gaba. Shi wannan nawa bai jin yarensa, shi ya sa ya nuna komai yadda yake."

"Kullum haka ne? Duk katin da ya yi haka?"

Ya cire tabarau ya dube ni da kyau.

"Nawa ka wanke?"

Bai matsa sai na faɗa ba. Da ya so da ya gama da ni a wurin, don ya samu abin da ya fi takardar lissafi. Sai kawai ya ce, birus ɗin a injinka yake zaune, Habu, kowane kati ka soka sai ya shafa masa. Na ce ashe Windos ne ya cuce ni. Ya ce kada ka ɗora wa inji, ko a Windos ɗin akwai inda ake latsawa a ga abin da aka ɓoye, akwai magani, akwai sabuntawa, kai ne ka saye shi a kasuwa kamar goro ka sake shi haka nan, kowa ya zo ya soka masa abin da ya kwaso. Na ce to ai ban sani ba, ba a bar ni na yi karatun ba. Na faɗa da gayya. Sai ya ce, maganar da na yi maka a aji ban manta ba, ba ta dace ba, ina matashi ne ina jin kaina. Ya juye muryar a wani kati nasa mai tsabta ya miƙo mini, ya ce tashi ka nemi mota, saniya ba ta jiran hira.

Na kwana na kama motar farko, na sauka bakin titi na ƙarasa da ƙafa. Na tarar saniya ta kwanta tun jiya, maza huɗu sun zura mata itace a ƙarƙashin ciki suna ɗaga ta, tana tsayawa kaɗan ta koma. Na sa katin a ƴar rediyona a tsakar gida, Inna ta zauna bisa turmi, matar Yaya tana bakin ɗaki. Ku kun san Baba Babba da jan zance. Sai da ya gaida kowa da sunansa, har maƙwabta, har limamin da ya riga ya rasu bai sani ba. Ni ina tsaye kamar in shiga rediyon in jawo maganar. Can sai ya ce, Inna, na san halinki, saniyar nan in abu ya yi wuya a sayar, kada ki tsaya jirana, na yafe, na kuma yafewa, a sayi hatsi yara su ci. Inna ta ce in mayar baya. Na mayar. Sau uku ta ji. Sannan ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce,

"To, ya faɗa. A kira mahauci."

Abin da mahaucin ya bayar, da an sayar wata guda kafin nan da an samu ninkinsa uku. Amma an samu. Da ta ƙara kwana biyu da kura ce za ta ci. Hatsin da aka saya da shi, ana haɗawa da anza da ganye, shi ya kai su har ruwa ya sauka aka fara samun tafasa. Ba wanda muka binne a gidanmu a wannan shekara, gidaje da yawa ba za su iya faɗin haka ba. Alhamdu lillahi.

A motar dawowa ba saniya nake tunani ba. Mata nake gani ɗaya bayan ɗaya, da bakin zanensu. Wa ya san abin da ke cikin nasu? Wani ya ce a sayar da akuya, wani ya ce ga wanda za a je wajensa a karɓi saƙo, wani ya ce ina nan da rai. Ni na share, na zuba wa'azi a kai, suka yi mini addu'a.

Washegari na ɗauki injina a ka na kai zauren Mushe Kalla na ce ya cire Windos ya sa mini nasa. Ya ce ba haka ake yi ba, a raba injin biyu, kowa da ɗakinsa, ka shiga wanda kake so. Ko kuma a wanke Windos ɗin a sa masa magani ya zauna lafiya. Ya gaya mini ɓaro-ɓaro cewa kayan buɗe waya da na haɗa hoto da nake ci da su ba za su yi aiki a Linuks ba. Na ce a cire. Ya ce Garagumsa, har yanzu kanka bai yi laushi ba. Na ce a cire. Wannan shi ne rabin da dangi suka faɗa daidai. Ba hikima ba ce, ba kuma shi ya sa ni ba. Kallon ekaran ɗin ne ba na iya yi, in na ga shuɗin nan na Windos sai in ga matar Mirriya tana leƙe.

Kuɗin abin kuwa ku kuka biya, kuna ƙanana. Masu buɗe waya suka koma shagon gaba. Masu biki suka zo na ce ba na yi, suka ɗauka wulaƙanci ne. Akwai wani abin haɗa hoto a Linuks ɗin, na yi wata biyu ina kokawa da shi, amaryar farko da na yi ta fito da kunne ɗaya. Injin buga takardata ya ƙi magana da shi sai da Mushe ya yi yini uku yana rubuta wasu kalmomi a baƙin allo kamar mai duba. Turi kaɗai ya rage, a shekarar da mutane ba su da na waƙa. Uwarku ta haƙura har ranar da na shigo da rabin abin cefane, sai ta ajiye ludayi.

"Malam, in tambaye ka. Kai ka yi laifin ko mu?"

"Ni."

"To me ya sa mu muke azumin kaffarar?"

Sai na gaya mata duka, har matar Mirriya. Ta ce, to ka yi ta neman ta. Washegari ta sayar da kwanoninta na jere ta sayi waken suya, ta fara awara a ƙofar gida. Awarar nan da kuke jin kunya in abokanku sun wuce, ita ta riƙe gidan nan shekara biyu. Ba ta sake tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, ko a faɗa. Duk abin da zan bar muku bai kai wannan ba, ku sani.

A hankali labari ya bazu cewa akwai wani a Zango da ke tayar da mataccen kati. Aka riƙa zuwa daga ƙauyuka. Na je wa abokan sana'ata na layi na nuna musu, wasu suka ji, wasu suka ce Habu ya zama mushe. Kullum bayan la'asar ina zauren Mushe Kalla, yana koya mini baƙin allon nan yana zagina, ina ramawa. Karatun da bai ba ni a aji ba ya ba ni a tabarma, har Allah ya karɓi abinsa. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Allah ya jiƙansa, bakinsa ba daɗi amma hannunsa a buɗe yake.

Yanzu in kun tambaye ni wanne ya fi, ba zan ba ku amsar da kuke zato ba. Da abubuwa suka daidaita na sayi inji na biyu mai Windos, shi ne wanda kuke gani a kusurwa, na asali, da maganinsa, da shi nake hoto har gobe. Ya fi sauƙin zama, ya fi jama'a, duk abin da aka ƙero da shi aka yi tunani. Amma yana da son yi maka shawara, ya ɓoye maka abu wai don kada ka ruɗe, ya tsaya sabunta kansa lokacin da mai kaya ke tsaye a kanka. Linuks ba ya lallashi. Ka tambaye shi ya gaya maka, ka yi kuskure ya bar ka da kuskurenka, in ka ce ya share gidan duka zai share bai ce ka tabbata ba. Yana tashi a injin da kowa ya yar. Halinmu ya zo ɗaya, shi ya sa muka zauna. Mai tambarin tuffa kuwa sau ɗaya na taɓa shi, wani ɗan Yamai ya kawo, sumul kamar faranti, na nemi ramin da zan soka kati na rasa, da ya faɗi kuɗinsa na janye hannuna. Ba zan yi masa shaida ba, ban zauna da shi ba. Kai Nasiru Windos ya dace da karatunka, ka riƙe abinka, ban taɓa cewa ka bi ni ba.

Matar Mirriya na neme ta. Na je kasuwarsu sau da yawa ina duba fuskoki, ban san sunanta ba, ban san na mijinta ba, me zan tambaya? Doguwa mai goyo? Ban gan ta ba har yau. Ban san abin da ya ce mata ba, ban san ko ya dawo ba.

Tun daga ranar da na dawo daga ƙauye, duk katin da aka kawo mini mai murya a ciki, kafin in taɓa komai sai na ajiye kwafinsa a tsohon injin nan, da izinin mai shi, in rubuta sunanta da garinsu. Dosiyen sunansa Amana. Wasu sun dawo bayan shekaru, kati ya ɓata ko mai muryar ya rasu, na juye musu suka zauna a bencin nan suka ji. Wasu ba su dawo ba tukuna. Ban taɓa kunna ko ɗaya don kaina ba. Muryar Baba Babba ma tana ciki, da iskar da ke bugun wayarsa.

Wannan ne ka ce in ba ka ka share, ɗana, kuma ba ka sani ba, don ban gaya maka ba. Laifina ne. In ka sake dawowa hutu ka zo shago da safe, ka zo da babban faifan ajiya irin naku na yanzu. Injin ya tsufa, ina jin ƙararsa ta canza. Za mu juye su tare, ɗaya bayan ɗaya, ka ga sunayen da idonka. In mun gama, ka buɗe su a naka mu tabbata suna nan, sannan mu buɗe a nawa.